Abin da Dogo Ya Faɗa a Aji

Litinin, da hantsi

Dogo ya dawo daga makaranta tun rana ba ta yi zafi ba. Ɗana ne, shi kaɗai ya rage mini. Tun bai yi furfura ba yake koyar da tarihi a makarantar nan, kuma ban taɓa ganinsa a gida a irin wannan lokacin ba sai ranar da ubansa ya cika. Na ce lafiya? Ya ce lafiya lau Inna, hutu aka ba ni. Na ce wane irin hutu ne ba a ba yara ba sai kai? Ya shige ɗakin littattafai ya turo ƙofa.

Wannan littafin matarsa ce ta ba ni in riƙa rubuta lokacin shan maganin hawan jini. Sista muke ce mata, aikin asibiti take yi. Na sha na safe. A ajin manya na koyi rubutu, wanda ya ga bai masa kyau ba ya ajiye, ba don shi na yi ba.

Litinin, da yamma

Sista ce ta gaya mini a kicin, tana yanka albasa. Dakatar da shi aka yi. Wai ya zagi Karya-Ganuwa a cikin aji. Wani ɗalibi ya kai wa ubansa, uban kuma ɗan kwangila ne, shi ne bara ya sa aka wanke mutum-mutumin Karya-Ganuwa aka yi masa sabon fenti. Za a kafa kwamiti. In suka ce ya yi laifi aiki ya tafi, kuma gidan nan da muke ciki na makaranta ne.

Na ce Karya-Ganuwa wanne, na shataletale mai takobi? Ta ce shi. Na ce mutumin da ya mutu shekara dubu da ɗoriya, ko ƙashinsa ba a san inda yake ba, shi ya aiko da ƙara? Ta ce in rage murya, taga a buɗe take. Rabin garin nan dama cewa suke jikokinsa ne, har mai sayar da gawayi.

Talata, da safe

Bai ci komai ba. Shayi ya huce a bakin ƙofa.

Laraba, bayan azahar

Tunda ba mai yi mini magana a gidan, bari in rubuta abin da na sani. Na san maganar Karya-Ganuwa ba don na so ba, a kan tabarmar cin abinci na koye ta. Dogo ba ya iya kai loma baki bai ambaci matattu ba.

Mutum uku ne suka bar labarin yadda ya ci babban birni na bakin kogi. Na fi saninsu da wasu maƙwabtana.

Na ɗaya marubucinsa ne, a fadarsa yake ci yake sha. Shi ya ce mutanen birni da kansu suka buɗe ƙofa suna murna, ko kaza ba a yanka ba. Wannan ko ni ba sai an karanta mini ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Na biyu ɗan birnin ne da ya tsere yana saurayi, ya je wata ƙasa ya tsufa, sannan ya zauna ya rubuta. Shi ya ce an yanka kowa da kowa, kogi ya koma ja, ya faɗi yawan gawa. Dogo ya ce ko tsaye aka jera mutane cikin ganuwar nan kafaɗa da kafaɗa ba za ta ɗauki rabin abin da tsohon ya ƙirga ba. Na ce wanda aka kashe masa uwa ai ba da awo yake kuka ba.

Na uku wani falke ne da ya ratsa bayan duk sun mutu, ya ji a bakin jikoki a kasuwa. Ba ya son kowa, ba ya ƙin kowa, amma bai ga komai ba. Dogo ya ce a littafinsa har da kifi mai magana.

Ni na taɓa ce masa to duk maƙaryata ne, ka rufe littafin ka ci abinci. Ya ce a'a Inna, ba zubar da su ake yi ba, tambayarsu ake yi. Wa ya faɗa, yana wurin ko ji ya yi, yaushe ya faɗa, wa ke ciyar da shi. Kuma in masoyi ya kuskure ya faɗi aibu, ko maƙiyi ya kuskure ya faɗi alheri, nan ake kamawa da hannu biyu. Ya ce marubucin nan da ya ce ba a kashe kowa ba, can gaba da yake yabon dabarar ubangidansa sai ya ce an kwaso mutane daga ƙauyuka masu nisa su girbe gonakin birnin a shekarar. To ina masu gonakin suka tafi? Shi kuma tsohon, duk da tsinuwar da ya cika takarda da ita, ya yarda ba a taɓa rijiyoyi ba, ba a tone kaburbura ba.

Wannan yake koya wa 'ya'yan mutane duk shekara, ba wanda ya taɓa cewa uffan. Ban san me ya canja bana ba. Sista ta sani ina jin, amma in na tambaya sai ta ce in sha magani.

Alhamis, da yamma

Malamin Lissafi ya zo. Abokin Dogo ne tun suna samari, rabin naman jikinsa a tukunyata ya yi shi. Ajinsa ke jikin na Dogo, bango ɗaya ya raba su. Ya ce abin da ɗan ɗan kwangila ya kai shi ne wai Dogo ya ce Karya-Ganuwa mahauci ne ba sarki ba. Amma akwai wata ɗaliba, 'yar telan da ke ɗinka wa Dogo riguna, ta tashi da kanta ta je ofishin shugaban makaranta ta ce ba haka aka yi ba. Ta ce Malam karanta maganar tsohon da ya tsere yake yi daga cikin littafi, ba tasa ba ce.

Na ce kai fa, me ka ji? Ya ce shi dariya kawai ya ji ta bango. Na ce kunnen da ke jin ƙarar cokalina daga bakin titi? Ya yi dariya, ya ce Inna ba kya tsufa. Ya cinye abincin Dogo ya tafi.

Juma'a, da safe

Na je sayen sabulu. Mai shago ya ce ya ji wai Malam ya tofa wa hoton Karya-Ganuwa yawu. Matar da ke bayana ta ce ba yawu ba ne, yaga shi ya yi. Ba su san ni ce uwarsa ba, ko sun sani. Na karɓi sabuluna.

Asabar, da la'asar

Sista ta fara tara kwalaye a bayan kicin, ta ce na asibiti ne za ta mayar. Ni ba yarinya ba ce.

Ɗakina shi ne ƙarami mai kallon bishiyar lemo. A nan tsoho, uban Dogo, ya yi jinyarsa, a nan ya cika, kansa ta wajen taga. Ban damu ba. Bango ne da rufi, ko'ina akwai su.

Lahadi, da rana

Ya fito ya yi aski. Ya ci rabin burodi.

Talata, da yamma

Na je wani wuri yau, ba zan rubuta ko ina ne ba. An bar ni a kan benci har inuwa ta juya. An ba ni ruwa a kofin roba. Da aka shigar da ni mutumin bai ɗago daga takardunsa sosai ba, ya ce Mama tashi, tashi don Allah, abin ya fi ƙarfina, daga sama ake bugo mini waya. Gwiwata ta dama ta kumbura. Na ce wa Sista tsani na hau.

In Dogo ya ji zai haɗiyi zuciya. Ba zai ji ba.

Laraba, da hantsi

Sun yi faɗa shi da Sista, ƙasa-ƙasa, amma bangon gidan nan ba ya riƙe sirri. Ita tana ce masa abin ai mai sauƙi ne, yarinya ta ba da shaida, kai ma ka ce karantawa kake yi, shi ke nan, baki biyu ya fi ɗaya. Shi yana cewa ba ƙirga baki ake yi ba, auna shi ake yi. Ta ce to ka auna mana inda za mu kwana da tsohuwa mai hawan jini.

Tsohuwar ni ce. Na sha na safe.

Alhamis, da safe

Gobe ne zaman kwamiti. Na goge masa farar rigar da kaina, Sista ba ta iya wuya ba.

Juma'a, da yamma

Sun dawo. Dogo ya wuce ɗaki. Sista ta zauna a dakalin kicin da takalmi a ƙafarta, ba ta cire ba har aka kira magariba. Ita a waje aka bar ta, ta ƙofa ta ji abin da ta ji. Malamin Lissafi yana ciki a madadin malamai, ya biyo ya ba ni nasa. Na haɗa biyun, inda suka yi daidai shi zan rubuta.

Yaron ya faɗi nasa. Yarinyar ta faɗi nata, ba ta canja ko kalma ba. Malamin Lissafi ya rantse a lokacin kwamitin sun fara sassautowa, mai shugabantar zaman har ya rufe biro, ya ce to Malam, ka ji shaidarka, ka tabbatar mana haka aka yi mu tashi.

Sai Dogo ya ce yana da gyara.

Ya ce yarinyar nan a layin baya take zama kusa da taga, inda ƙarar injin ruwa ke shigowa. Ya ce shi yake ara mata littattafai, ubanta kuma telansa ne, don haka tana da dalilin son ya fita. Kuma ba ta yi magana ba sai bayan ta ji an dakatar da shi. Yaron kuwa a gaba yake zama, kuma a ranar ya faɗa tun abin na da ɗumi, sai dai shi Dogo ya kayar da yaron a jarrabawa, don haka shi ma a riƙe maganarsa da hankali. Aka ce to kai fa? Ya ce shi ne mafi rauni a cikinsu, don aikinsa da gidan uwarsa sun rataya a kan abin da zai tuna.

Mai shugabantar zaman ya ce to wa za mu yarda da shi? Ya ce kada a yarda da kowa shi kaɗai, a kira sauran 'yan ajin ɗaya bayan ɗaya, kada a bari su haɗa baki. Wani a cikinsu ya ce su ba darasi suka zo ɗauka ba.

Na tambayi Malamin Lissafi, kai me ka ce? Ya ce ba a tambaye shi ba.

Na haifi mutum, na yaye shi, na sayar da awakina na sa shi makaranta, ashe karatun da zai tone ramin kansa na saya masa. An miƙo masa igiya yana cikin rijiya, ya tsaya duba ko wa ya tufka ta.

Asabar, da safe

Ban yi masa magana ba. Na ajiye shayi na juyo.

Lahadi, bayan azahar

Matar tela ta zo da yadin Dogo a leda, ba a ko yanka ba. Ta ƙi shigowa, a bakin ƙofa ta tsaya. Ta ce 'yarta tun shekaranjiya take kwance, ta ce ba za ta koma makaranta ba, 'yan ajinsu na kiranta mai shaidar zur. Ubanta ya hana ta zuwa ofishin nan tun farko, ta ƙi ji, ta ce Malam ne ya koya musu kada a yi shiru a kan gaskiya.

Dogo ya fito ba hula. Ya ce shi bai ce ta yi ƙarya ba, cewa ya yi a auna maganarta kamar ta kowa.

Matar ta ce, "Malam, ni ban yi boko ba. Yarinya ta tsaya maka a gaban manya, ka tashi ka ce kada a dogara da ita. A gidanku me ake kiran wannan?"

Ta ajiye ledar a ƙasa, ba a hannunsa ba. Na bi ta har bakin titi ina ba ta haƙuri, ta ce ke ba ruwanki Inna, ki koma, ƙafarki.

Da na dawo yana nan tsaye inda na bar shi. Ya ce Inna, matattu in ka auna su ba sa jin ciwo. Na ce yanzu ka sani? Na ɗauki yadin na kai ciki, yadi bai yi laifi ba.

Litinin, da yamma

Ya je gidan tela. Ba a buɗe masa ba.

Talata, da safe

Shiru.

Laraba, da safe

Shiru. Famfo ma ya ɗauke. Lemo ya fara nuna, tsuntsaye na ɓata shi, ba mai tsinka.

Alhamis, da hantsi

Masinja ya kawo takarda. Sista ta karanta a tsaye, ta ninke, ta je bayan kicin ta fara shigo da kwalayen. Ba wanda ya gaya mini abin da ke ciki, ban kuma tambaya ba.

Bango ne da rufi.

Asabar, da la'asar

An kira sauran 'yan ajin ashe, Sista ta ji a asibiti wajen uwar ɗaya daga cikinsu. Gaba ɗaya aka tara su a zaure, ɗan kwangila na zaune a gefe, aka ce wanda ya ji Malam na karantawa daga littafi ya ɗaga hannu. Ko ni ce ba zan ɗaga ba.

Litinin, da rana

Matar Malamin Lissafi ta zo gaishe ni, da lemon kwalba. Muna gaisawa idonta na kan tagogi. Da ta shiga ban ɗaki na ji ta tsaya a ƙofar ɗakina, na leƙa na gan ta tana auna faɗin taga da tafin hannu. Su aka ba gidan. Ta ce wallahi Inna ba su nema ba, layi ne ya zo kansu. Na ce ai gara ku da bare, kin san inda rufin ke yoyo. Na nuna mata inda ake ɗaure famfo da roba.

Ɗakin yara za ta mai da shi.

Laraba, da yamma

Littattafansa sun cinye kwalayen duka, tukwane a zani muka ɗaure. Sista ta samo ɗaki biyu a bayan tashar mota, ban ɗaki na haɗaka. Ta ce in ya samu darasi a gidajen mutane za a lallaɓa. Ba ta kallonsa in tana magana, bango take gaya wa.

An fitar da gadona. Na zauna a kan akwati a ɗakin, ya shigo ɗaukar labule. Na ce rufe ƙofa. Na ce ba kwamiti, ba Sista, ni ce na haife ka. Ka faɗa ko ba ka faɗa ba?

Ya zauna a ƙasa kamar yaro.

Ya ce, "Inna, na tuna littafin a hannuna ina karantawa. Na kuma tuna dariyar yara, kuma a lokacin dariyar kamar littafin a rufe yake a kan tebur. Kullum na sake tunawa sai in ga abin ya ƙara gyaruwa ta wajena. Shi ya sa ban yarda da shi ba."

Na ce da ka ce ba ka faɗa ba, wa zai kama ka? Ya ce ba kowa. Na ce to? Ya ce da wane baki zai koma ya tsaya gaban allo. Na ce ga shi yanzu ba bakin ba allon.

Ya cire labulen. Na ce ya bar ƙusoshin, na makaranta ne.

Juma'a, da safe

Mota ta zo. Ban waiwaya ba, wuyana ke ciwo.

Lahadi, da hantsi

Nan ƙarar motoci ba ta yankewa, 'yan kamasho na ihu tun asuba. Ɗakina ba taga, sai wata 'yar kafa can sama. Na sha na safe.

Na fita layin famfo da bokiti, Dogo na zaune a bakin ƙofa yana ɗaure kwalin da ya yage. Matan gidan suka yi mini sannu da zuwa. Wata mai ƙiba, matar direba, ta matso ta ce Inna, ba ɗanki ne malamin da aka ce ya zagi Karya-Ganuwa ba? Har mai wanki ta tsaya.

Na ajiye bokitin. Na ce ƙarya ake masa. Na ce littafi yake karantawa, maganar wani tsoho ce da ya mutu tun kafin a haifi kakan kakanku, ɗana bai ƙara ko wasali ba. Yaron da ya kai ƙara jarrabawa ya faɗi, uban kuma neman suna yake. Na faɗa da ƙarfi yadda na ƙarshen layi za ta ji. Suka ce Allah sarki, Allah ya saka masa. Matar direba ta ɗaukar mini ruwan har ƙofa.

Da ta tafi ya ce, a hankali, bai ɗago ba, "Inna, ba kya wurin fa."

Na ce na sani. Na ce haka zan faɗa gobe, haka zan faɗa wa duk wanda ya tambaya har a kai ni rami, kuma in sun ba jikokinsu labari nawa za su bayar. Wanda ke son ya auna ni ya zo ya auna, ni dai na gaya masa tun yanzu wanda na haifa.

Na ce ya tashi ya shigar da ruwan, rana na dukansa.